Awon Marece da Kawu Bai Yi Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ranar kasuwar Allakaye, tsakanin la'asar da magariba, yana zaune a kan turmin wata mai tuwo, nesa da gidansa na Madawa. Ni ina biro, wurin aikina a Tawa, talho ya yi ƙara. Na ga Inna ce, na ɗauka da niyyar in ce mata zan kira anjima. Ba ta bari na buɗe baki ba. Ta ce, "Yayana ya rasu." Sannan ta ce, "To, kin huta." Ta kashe.

Kafin in iso Madawa washegari an riga an kai shi makwancinsa. Na sauka a tasha na hau kabu-kabu, tun daga bakin babbar hanya na fara ganin tabarmi. Maza sun cika rumfar ƙofar gida har sun bazu gaban shagonsa na gaz ɗin girki, wanda aka rufe da kwado. Na wuce kaina a ƙasa, amma kunnena yana aiki. Wani dillalin albasa yana cewa tun yana saurayi, in rigima ta tashi kan nauyin buhu, wurin Kawu ake zuwa, abin da ma'auninsa ya faɗa shi ke nan. Liman ya ce ya shaide shi da sahun gaba. Wani tsoho mai faskare kuwa, wanda suka yi daji tare a da, bai ɓoye tasa ba. Ya ce, "Allah Shi jiƙan shi, amma hwa ya ɓata muna sana'a. Kullum gaz, gaz, kamar shi ya haihe ta." Aka yi 'yar dariya, aka koma salati.

A cikin gida ne abin ya fi yi mini nauyi. Ban taɓa ganin masu abincin sayarwa sun taru wuri guda haka ba. Masu tuwo, masu shinkafa da wake, masu ƙosai, daga Buza, daga Tama, wasu har daga Keita, sun kife tukwanensu sun zo. Na san su kusan duka, domin na taɓa zama gaban murhun kowacce da takarda a hannu. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na ji wata ta ce wa ta kusa da ita, "Ita ce." Na durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Iya, na ce, "Iya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya." Ba ta dube ni ba. Sai da na yunƙura zan tashi ta ƙara, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji: "Tsoho mai ciwon ƙirji, cikin wanga zahi, mi ya kai shi Allakaye? Ki tambayi kanki."

Ban san amsar ba a ranar. Abin da na sani, kuma kowa a gidan ya sani, shi ne wata huɗu ke nan ni da Kawu ba ma magana. Ya mutu ban roƙe shi gafara ba. Kwana bakwai na yi a kan tabarmar makoki ina juya tambaya ɗaya, ko da fushina ya tafi. Ina rubuta wannan ne don 'ya'yanmu su san irin mutumin da aka yi a gidanmu, kuma ba zan iya faɗin ko wane ne shi ba sai na faɗi abin da na yi masa.

Duk wanda ya san Kawu ya san ma'auninsa. Irin na ratayawa ne, mai ƙugiya a ƙasa da fuska zagayayya kamar ta agogon bango, gilashin ya tsage a gefe tun kafin a haife ni. Ya kuma san maganarsa guda, wadda ba ta barin bakinsa: "Rataya mu gani." In ka ce masa ragonka ya fi na maƙwabci, rataya mu gani. In direba ya rantse da Allah cewa butalin gaz ɗin da ya kawo cike yake, rataya mu gani. Ranar suna ma bai bar jarirai ba. Yakan sa a naɗe jariri a zane, ya rataya, ya sanar wa mata nauyinsa suna ta shewa suna zaginsa. Inna ta ce ni da aka rataya na tsala ihu, sai ya ce, "Wagga nauyinta dut ga baki yake." Bai yi ƙarya ba, Allah Ya yi ni da baki.

Da mahaifinmu ya rasu Kawu ne ya kwaso mu ya ba mu ɗaki. A fuskar ma'aunin nan na koyi lamba kafin in shiga lakwal, makarantar boko. Shi bai yi boko ba, ajami yake rubutawa, amma lambobin nasara ya san su sarai. Ba ya miƙa wa mai saye butali sai ya rataya shi a gabansa, sannan ya shafa ruwan sabulu a bakin ya ga ko zai yi kumfa. Mutane suna gaggawa, shi ko a jikinsa. Wata rana wani ma'aikaci mai mota ya ce masa ya yarda da shi, ba sai an auna ba. Kawu ya ce, "Mushe, ni ban yarda da kaina ba." Ya rataya.

Abin da yara ba su sani ba shi ne, kafin gaz, Kawu sarkin itace ne. Shekaru ya yi yana sare kwarin Tama yana kawowa Madawa, da amalanke, daga baya da kamyo, babbar motar kaya. Ba ya son a tayar da zancen. Sau ɗaya tak ya yi mini shi, ina 'yar kwaleji, mun je gaisuwa Tama. Ya tsayar da moto, babur ɗinsa, a bakin wata korama da ta zaizaye gonaki har ta kai gindin garake, lambunan garin. Ya nuna mini gangaren, ba ko inuwar da akuya za ta fake. Ya ce, "Nan da gawo ne da bagaruwa, rana ba ta taɓa ƙasa." Na ce wa ya sare? Ya ce, "Ni." Ya tada moto. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa shekarar da ruwan koramar nan ya cinye garkar kakanmu, shekarar ya rataye gatari. Kawu ya ba ni maganar gangaren nan ne amana, ku riƙe wannan, don za ku ga abin da na yi da ita.

Na gama karatu na zauna shekara uku ba aiki, ina wanke-wanke da difloma a ƙarƙashin katifa. Sai wani furoje, wato shirin bincike, ya ɗauke ni. Aikin shi ne a gano yawan hayaƙin da wuraren dafa abincin sayarwa suke turawa sama a Madawa da Buza da Keita. Ba baƙin hayaƙin da ke sa hawaye kaɗai ba, har da wanda ido ba ya gani, wanda ake kira karbon, wanda masana suka ce taruwarsa a sama ke ƙara wa duniya zafi. Ba a kama hayaƙi a auna shi. Abin da aka ƙona ake aunawa. Za ka je wurin mai tuwo da safe ka auna butalin gaz ɗinta da tarin itacenta, ka dawo da marece ka auna abin da ya saura. Abin da ya ragu shi ta ƙona, daga nan lissafi ya ba ka hayaƙin.

Ranar da na yi wa Kawu wannan bayani, kai ka ce shi aka ɗauka aikin. Ya jawo benci. Na ce masa kilo ɗaya na gaz in ya ƙone yana ba da kusan kilo uku na karbon. Ya ɗaga hannu. "Tsaya, tsaya, Madam Kilo. Ɗaya ta haihi uku? Wa ya koya maku wagga ƙarya?" Na ce wuta ba ta ci sai da iska, iskar da ta haɗa da ita ce ke ƙara nauyin. Ya kalli harshen wutar gaz ɗin da ke ƙarƙashin butar shayinsa. Can ya ce, "Ashe ita ma tana da nata. Ni na ɗauka na tuba gaba ɗaya." Na ce ai ta fi itace sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ba a sare mata gawo. Ya ce, "Awonku ne za shi hwaɗi. Rataya mu gani."

Furoje ya ba ni ma'auni mai batir, mai kyau, fari fat. Sati biyu ya yi, zafin rana da girgizar hanyar Keita suka kashe shi. Kafin a aiko wani daga Yamai aikin zai tsaya. Kawu ya sauko da nasa daga ƙusa, abin da bai taɓa ba kowa aro ba, ko ɗansa na fari. Ya naɗe shi a tsohon rawani ya miƙo mini da hannu biyu. Ya sayi wani na roba a kasuwa yana lallaɓawa da shi a shago, yana ta yi masa tsaki.

Ga kuskurena, kuma ladabi ne ya jawo mini shi. An hore mu ba a faɗo wa manya kai tsaye kamar ɓarawo. Don haka duk garin da zan je, sai in aika wa mai gari tun kwana biyu cewa ina tafe ranar kasuwa, a shaida wa mata. In na iso sai in tarar an share wuri, an shimfiɗa mini tabarma, ga butalin gaz a tsakiya yana ta huci, wuta shuɗiya gwanin kyau. Itace kuwa ɗan ƙulli ne a gefe. In na tambaya sai a ce, "Ai mun bar itace, Madam, sai dai na ɗumame." Ni kuma, wawiya, ina ta rubutawa ina murna. Wata uku na yi haka. Rahotona ya nuna masu abinci sun koma gaz, hayaƙi ya ragu. Shef ɗinmu, shugaban aikin, ya yaba mini a gaban kowa, ya ce in aka tabbatar da rahoton za a sabunta mini aiki.

Na je na mayar wa Kawu ma'auninsa wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ina ta rawar kai, na buɗe masa hotuna a talho. Ga mai tuwon tashar Buza, ga mai ƙosan Tama, ga Goggo mai tuwon Allakaye. Yana murmushi, sai na ga murmushin ya tsaya. Ya ce in koma baya. Na koma. Ya ce in buɗe hoton da girma. Ya sa yatsa a kan butalin.

"Wanga na san shi. Ga kahwaɗa ya lotse, hannun an ɗaure shi da waya kore. Daga bisa kamyo ya hwaɗo, ni na ɗaure shi. Na mai shayin tashar Buza ne." Ya ja hoton gaba da kansa. "Ga shi Tama." Ya sake ja. "Ga shi Allakaye. Ɗiyata, butali guda kika bi kina aunawa gari-gari."

Na ce ba zai yiwu ba. Amma na riga na san ya yiwu.

Ya ce, "Ke ba ɗiyar ƙasar ga ba ce? In baƙo za shi zo, ba a aron tabarma? Ba a aron kwanon sha? Kin aika kin ce kina tahe, baƙuwar gaz. Mi kike so su yi, su tarbe ki da hayaƙi? Ga tsoron 'yan gandun daji, sun ga takarda ga hannunki. Sai su ari butali, motar kasuwa ta kai shi gaba gare ki, itacen a ruhe shi da tabarma bayan ɗaki. Su ba su cuce ki ba, karramawa sunka yi. Ke ce ba ki leƙa bayan ɗaki ba."

Na ce to yanzu me yake so in yi, rahoto ya riga ya tafi Tawa.

"Ki tahi ki ce masu ba daidai ba ne. Ki sake."

Na ce in na faɗi haka korata za a yi. Na ce shekara uku ina zaune, ya sani. Na ce ba wanda zai taɓa ganewa, wa zai zauna a Yamai yana duban wayar da ke hannun butali?

Ya ɗauki ma'aunin daga cinyata, ya warware rawanin, ya duba fuskarsa kamar mai duba ko an ji wa yaro ciwo. Ya ce, "Tun kahin a haihe ki abin ga bai yi ƙarya ba. Ke kin kai shi ya yi. In kin bar takardar nan haka, kar ki sake taɓa shi."

Da na yi shiru a nan, da yau ba wannan nake rubutawa ba. Amma bakin nan nawa! A gaban shago, ga mutane sun fito daga masallaci suna wucewa, na ce, "Kawu, kai da ka ƙare gawon Tama da gatari, yau kai ne za ka koya mani tsoron Allah kan hayaƙi?"

Wallahi har yanzu ina ganin fuskarsa. Bai daka mini tsawa ba. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka tsaya, ya miƙe a hankali yana dafa benci, ya mayar da ma'aunin kan ƙusarsa. Ya ce, "Gaskiya kika hwaɗi." Ya shige ciki.

Wata huɗu. Na koma Tawa na ƙi zuwa gida. Inna ta kira ta yi faɗa, ta kira ta yi kuka, na ce aiki ya yi yawa. Sau biyu motar furoje ta bi ta gaban shagonsa ina ciki. Na farko na sunkuyar da kai kamar ina neman abu a jaka. Na biyu na leƙa, na ga shagon a rufe da rana tsaka, har na ji daɗi don ba sai na ɓuya ba. Ban tambayi kaina me ya sa mutumin da ba ya rufe shago sai don salla ya rufe ranar ciniki ba. Kullum ina cewa bari a sa hannu a rahoton nan, a sabunta mini aiki, sai in sayi goro da turare in je in durƙusa. Na ɗauka akwai lokaci.

Ga ni nan a gidan makoki, ana raba gumba, talho yana ta motsi a jakata. Shef ne. Ya yi mini ta'aziyya, ya tuna mini cewa washegarin addu'ar bakwai za a zauna a Tawa a tabbatar da rahoto, sai da sa hannuna. Na ce to. Matan nan masu abinci suna zuwa suna komawa, ba wadda ta zauna kusa da ni. Na ɗauka sun tsane ni ne don abin da na faɗa masa, maganar ta riga ta zaga kasuwanni. Iya kuwa ko ruwa na miƙa mata sai ta ce ba ta jin ƙishi. Ban iya cin abinci ba. Duk wanda ya ce "Allah Ya sa ya huta", sai in ji kamar da ni yake.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha da hantsi, maza sun watse, Iya ta aiko a kira ni ɗakinsa. Tana zaune a bakin gado da ƙulli a cinya. Na gane rawanin tun daga ƙofa.

Ta ce, "Zamna." Na zauna a ƙasa. "Ya ce ranar da kika zo shago a ba ki. Kullum in za shi hita sai ya ce mani, in ta zo ki tsai da ita. Ba ki zo ba."

A cikin rawanin akwai ma'aunin, wanda aka dawo da shi daga Allakaye tare da gawarsa, da wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo. Na buɗe. Ajami ne, rubutun Kawu, manya-manya a karkace. Ajamina ya yi rauni, sai da na bi da yatsa ina haɗa baƙi. Kowane shafi da sunan gari a sama. A ƙasa, mai tuwon tasha, mai ƙosan bakin masallaci, mai shinkafa ta kusa da mahauta. Gaban kowacce lamba biyu, ta safe da ta marece, itace daban, gaz daban. Buza. Tama. Keita. Madawa. Duk matan da ke cikin rahotona.

Na ɗago na dubi Iya. Ta ce, "Wata huɗu yana bin kasuwanni cikin motar haya. Ba ya aikawa, sai dai su gan shi tun da sahe. Shi ba su iya ɓoye mashi, shi ya sayar ma uwayensu da itace. Na ce mashi ƙirjinka, ya ce yarinya ta ɓata aiki, in anka kama ta ba ta ƙara samun wani. Na ce ai ta zage ka gaban jama'a. Ya ce wannan daban, wannan daban." "Ni ban yahe maki ba tukuna, kar in yi maki ƙarya. Shi dai ban san mi ke ransa ba. Ki duba bangon."

Na juya bangon ta ciki. Kalma biyu ce ya rubuta a wurin da yara ke sa sunansu. Na haɗa baƙaƙen sau uku don in tabbata. Aikin ɗiyata.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da na iso. Iya ba ta rarrashe ni ba, amma ba ta kore ni ba. Da na natsu na buɗe shafin ƙarshe. Allakaye, Goggo mai tuwo. Itace, lambar safe tana nan. Wurin lambar marece fari ne.

Washegari na tafi Tawa da kayen a jaka. Aka zauna, ga ruwan gora a kan tebur, ga rahotona an buga shi da bango mai sheƙi. Shef ya turo mini bik in sa hannu. Na ce ba zan sa ba, lambobin ba daidai ba ne, butali ɗaya na bi ina aunawa. Na faɗi komai, har da aikawa da mai gari. Na fito da kayen. Shef ya juya shi sama da ƙasa, bai iya karantawa ba, ya ce ta yaya zai kai Yamai rubutun ɗan kasuwa da ba wanda ya sa shi aikin? Ya ce na san abin da nake yi wa kaina kuwa? Na ce na sani. Ba mugun mutum ba ne, ya ce zai duba ko za a sake anketin, wato awon duka, amma ba da ni ba. Aikina ya ƙare da ƙarshen wata.

Ranar kasuwar Allakaye ta uku bayan rasuwarsa na shiga motar haya tun da sassafe, ban aika wa kowa ba. Na sami Goggo mai tuwo a rumfarta, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, idanunta sun yi ja da hayaƙi, murhu uku suna ci da itace. Da ta gan ni ta miƙe zumbur, ta waiga kamar mai neman wanda za ta aika. Sai idonta ya faɗa kan rawanin da ke hannuna. Ta koma ta zauna.

Na gaishe ta, ta yi mini gaisuwar rashi. Ta nuna mini turmin. Ta ce da safe ya auna tarin itacenta, ya zaga kasuwa, ya dawo bayan la'asar yana haki. Ta ba shi ruwa. Ya ce bari ya huta kaɗan sannan ya yi na marece. Ya jingina da ginshiƙin rumfa, ta juya ta kwashe tuwo, ta waigo.

Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta zagaya bayan rumfa, na ji tana jan wani abu. Ta fito da ɗan ƙullin itace, bai fi a rungume da hannu ɗaya ba, an ɗaure shi da tsumman atamfa. Ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Sauran na rannan ne. Da sahe ya ce mani, Goggo, abin da ya saura kar ki taɓa shi sai an auna. To ba a auna ba." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Sau biyu itace na ƙare mani cikin ciniki, na tahi na aro. Wanga ban taɓa ba."

Na warware rawanin. Na nemi inda zan rataya, ta nuna mini wata ƙusa a jikin ginshiƙin, ta ce shi ya kafa ta. Na rataya ma'aunin, na saƙala ƙullin a ƙugiya. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Sai da na share idona da gefen mayafi sau biyu kafin in iya karanta ta.

Na buɗe shafin ƙarshe na cika wurin da ya bari, da ajamina mai karkata. Sannan na ƙara a gefe cewa itacen ya yi sati uku a ajiye, ya ƙara bushewa, nauyinsa ya ragu kaɗan daga na ranar, don na san da yana tsaye a kaina ba zai bari in rufe kayen ban rubuta wannan ba.

Allah Ka yi wa Kawu sauƙin awo ranar da za a rataya ayyukan kowa. Ni kuma Ka yafe mini bakina.